Tarihin Malam Aminu Kano, da Bayanin Mutanen Tauraro da Mutanen Fartanya

Da sunan Allah a ke farawa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan tarihin Malam Aminu ne, ɗan Malam Yusufu, mutumin birnin Kano, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, a ƙarshen zamanin Turawa da farkon mulkin kai, daga baya kuma ya shugabanci PRP har ya koma ga Ubangijinsa. Labarinsa sananne ne a bakin jama'a, amma akwai wani gefe nasa da ba a cika tsayawa a kai ba, shi ne su wane ne suka bi shi, su wane ne suka ƙi shi, kuma mene ne ya raba su, alhali kuwa addininsu ɗaya, harshensu ɗaya, sau da yawa ma sahu ɗaya su ke tsayawa a masallaci. Wanda ya bi tarihin a hankali zai ga mafi yawan abin da ya raba su hanyar abinci ce, watau akwai wanda tuwonsa ya ke hannun En'e, akwai wanda tuwonsa ya ke hannunsa.

Fasali na farko: asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga Agusta 1920, wadda ta yi daidai da shekara ta 1338 daga Hijira. Mahaifinsa Malam Yusufu Bafillace ne daga zuriyar Gyanawa, waɗanda aka sani da ilmi da alƙalanci a Kano tun bayan jihadi, shi kansa kuma ya yi aikin mufti a kotun Alƙali. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma 'yar gidan malamai ce, a hannunta ya fara karatun allo. Saboda haka ba a gidan talakawa aka haife shi ba. Ya tashi yana ganin yadda a ke shigar da ƙara, da yadda a ke yanke hukunci, da yadda mai gata ke fita daga inda maras gata ke maƙalewa, wannan gani kuwa bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

Da ya kai shekara goma aka sa shi makarantar boko ta Shahuci, daga nan ya shiga Midil ta Kano, sa'an nan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda tushenta Kwalejin Katsina ce, ita ce a yau a ke kira Barewa. Ya gama a 1942 da takardar malanta. A wancan zamani yaron da ya fito daga wannan kwaleji hanyarsa a share ta ke: ya zama malamin makaranta, ko magatakarda, ko ma'aji, ya yi ta hawa har wata rana a naɗa masa rawani. Mafi yawan abokan karatunsa ita suka bi, ba kuwa abin zargi ba ne gare su.

Fasali na biyu: Bauci, London da Maru

Aikinsa na farko a Midil ta Bauci ne. A can ya tarad da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa, ya kuma haɗu da Malam Sa'adu Zungur, malami masanin Larabci da Turanci, mawaƙi mai kaifin harshe, wanda ya zama masa kamar wa kuma kamar malami. A 1943 aka buɗe wata majalisar muhawara a Bauci da yardar hukuma, inda malaman makaranta da ma'aikata ke taruwa suna tattauna al'amuran ƙasa. Ba ta daɗe ba aka rufe ta, domin tambayoyin da Malam Aminu da Malam Sa'adu ke yi sun fara taɓa mulkin En'e kansa.

Ya kamata a tuna abin da a ke nufi da En'e a wancan lokaci, gama kan wannan kalma dukan labarin ya ke juyawa. En'e ita ce hukumar ƙasa wadda Sarki ya ke shugabanta, Razdan da Di'o suna dubawa daga sama. Baitulmali nata ne, 'yan doka nata ne, gidan yari nata ne, kotunan alƙalai nata ne. Ita ke naɗa hakimi da dagaci da mai unguwa, ita ke rubuta haraji da jangali, ita ke ba da fili da rumfar kasuwa, ita ke biyan malamin makaranta da malamin asibiti da malamin daji. Mutum tun daga haihuwarsa har rabon gadonsa ba ya fita daga inuwarta.

A 1946 aka aika da shi London ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa. Ya iske jam'iyyar ma'aikata ce ke mulkin Ingila, ya ga 'ya'yan masu haƙar kwal da direbobi suna zaune a majalisa suna tsara doka. Da ya komo ya sa hannu wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Bayan haka aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru, a lardin Sakkwato, lardin da ƙasar Yauri ta ke cikinsa a wancan zamani. Yana Maru ne aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949, tana ƙungiyar zumunta ta 'yan boko tukuna, shi ma yana cikin waɗanda suka shige ta.

Fasali na uku: kafa NEPU da zaɓen 1951

Ran 8 ga Agusta 1950 waɗansu samari takwas suka taru a Kano suka kafa NEPU. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu wanda Bayarabe ne daga lardin Kabba, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin mawaƙi, da Maitama Sule malamin makaranta. Malam Aminu ba ya cikin takwas ɗin, domin yana ma'aikacin gwamnati, doka ba ta yarje masa ba. A ƙarshen shekarar ya ajiye aiki da albashinsa ya komo Kano ya shiga cikinsu, a 1953 kuma suka zaɓe shi shugaba. Abin da ya fara yi ke nan da kansa, watau ya cire tuwonsa daga hannun hukuma kafin ya buɗe baki a kanta.

Kiran NEPU shi ne talakawa su sami 'yanci daga zaluncin masu mulki, a daina aikin tilas, a daina karɓar abin da shari'a ba ta ɗora wa mutum ba, a zaɓi majalisun En'e da ƙuri'a, a raba shari'a da mulki. Gaisuwarta Sawaba, alamarta tauraro. A taron Jos na Disamba 1950 aka rabu tsakanin 'yan NEPU da sauran Jam'iyyar Mutanen Arewa, a Oktoba 1951 kuma ita Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa sosai, wadda aka sani da NPC, gaisuwarta Salama, alamarta fartanya. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama shugabanta a 1954, ya kuma zama Firimiyan Jihar Arewa.

Zaɓen 1951 shi ya fara nuna inda kowa ya tsaya. Zaɓe ne mai hawa-hawa: mutanen unguwa su zaɓi wakilai, wakilai su zaɓi waɗansu, har a kai matakin lardi, inda aka ba En'e iko ta ƙara nata mutane, ɗaya bisa goma na masu zaɓen. A matakin farko NEPU ta yi rinjaye a unguwanni da yawa na birnin Kano, har hankalin fada ya tashi. Amma duk hawan da aka yi sai adadinta ya ragu, da aka kai ƙarshe kuwa ba ta sami kujera ko ɗaya a majalisar Kaduna ba. Tun daga ran nan aka gane ƙarfin tauraro a ƙasa ya ke, cikin kasuwa da lunguna, ƙarfin fartanya kuwa yana sama, wajen masu riƙe da littafin haraji.

Fasali na huɗu: mutanen fartanya

Ginshiƙin NPC masu sarauta ne da ma'aikatan En'e. Masu binciken da suka ƙirga sana'o'in 'yan majalisa da shugabannin rassan jam'iyyun nan biyu sun tarad da mafi yawan wakilan NPC hakimai ne, da 'yan majalisar Sarki, da magatakarda, da ma'aji, da shugabannin makarantu, da 'ya'yan gidajen sarauta. A ƙauye kuwa sau da yawa ba a iya bambanta reshen jam'iyya da zauren dagaci.

Na biyu su ne manyan attajirai. Fataucin gyaɗa da auduga a lokacin yana hannun hukumar ciniki ta gwamnati, ba mai sayen gyaɗa da yawa sai wanda aka ba lasin, rancen gwamnati da kwangilar En'e kuma ba su zuwa sai inda aka yarda da mutum. Attajirin da ke da motoci a hanya da dalar gyaɗa a tasha ba ya wasa da wannan. Gidan Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana tare da fada, ɗansa Ahmadu Ɗantata ne ma ya ka da Malam Aminu a zaɓen majalisar Arewa na 1956.

Na uku su ne mafi yawan 'yan boko. Wannan yana da dalili mai ƙarfi wanda adalci bai yarda a ɓoye shi ba. Ofisoshin gwamnati da na jirgin ƙasa da na kamfanoni a Arewa cike su ke da mutanen Kudu, waɗanda suka riga mutanen Arewa shiga boko da shekaru masu yawa. Sardauna ya ɗauki manufar ba 'yan Arewa aikin Arewa, ya buɗe makarantu, ya kafa jami'a a Zariya a 1962, saurayin da ya gama Midil kuwa ya ga ƙofa a buɗe a gabansa. NEPU a nata ɓangaren ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe a 1954, abokan hamayyarta suka riƙa yi mata gori da shi, suna cewa za ta sayar da Arewa. Maitama Sule, wanda yana cikin takwas ɗin farko, ya koma NPC, shi ne kuma ya ka da Malam Aminu a zaɓen majalisar Ikko na 1954. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, amma da yawa cikin waɗannan samari da zuciya ɗaya suka gaskata haɗin kan Arewa ya fi gaggawa bisa gyaran En'e.

Fasali na biyar: mutanen tauraro

Waɗanda suka cika taron NEPU kuwa masu sana'ar hannu ne da ƙananan 'yan kasuwa: teloli, da mahauta, da marina, da dukawa, da maƙera, da wanzamai, da 'yan koli, da 'yan tebur, da masu gyaran keke, da direbobi da yaran mota, da 'yan kamasho, da leburori. A Kano gidajenta su ne Fagge da unguwannin da ke kewaye da kasuwar Kurmi. A wajen Kano ta yi ƙarfi a garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa ko baƙi suka taru, kamar Jos da Kaduna da Zariya da Gusau da Ƙauran Namoda. Tanko Yakasai, wanda ya riƙe mata yaɗa labarai, tela ne tun asali.

Dalilin wannan a fili ya ke ga duk wanda ya san kasuwa. Tela jarinsa kekensa ne, wanzami zabirarsa, ɗan koli jakarsa. Ba albashin da za a tsayar masa, ba rawanin da za a tuɓe masa. In an matsa masa a wannan gari ya ɗauki kayansa ya koma wancan. Yana kuwa cikin waɗanda suka fi jin zafin ɗan doka da sarkin kasuwa da mai rubuta haraji, domin kullum yana gabansu. Ga shi kuma yana tafiya, yana jin labarin Ikko da Kumasi da Fort Lamy a tashar mota, ya san akwai inda talaka ke magana a gaban mai mulki ba ya durƙusa ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, in kuma yana da ƙafar fita, bakinsa ya fi saurin buɗewa.

Malamai ma sun rabu bisa wannan ma'auni. Alƙalai da muftai da limaman Jumma'a da malaman fada, waɗanda abincinsu ke fitowa daga baitulmali, suna tare da hukuma. Malaman zaure da malaman allo da gardawa, masu ci daga sadaka da ɗinkin hula da noman damina, da yawansu sun karkata ga tauraro, ko da ya ke akwai jama'a mai yawa cikinsu da suka nisanci siyasa ɗungum, suna ganinta fitina. Malam Lawan Ɗambazau, malamin da ke ba NEPU shawara kan shari'a, daga cikin irin waɗannan malamai ya fito. Malam Aminu ya san harshen da za su ji. Yana yin tafsiri da azumi, ya buɗe makarantar Islamiyya inda a ke haɗa Alƙur'ani da fiƙihu da lissafi, yana kuma kafa hujja da littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu. A cikin Kitabul Farƙi an lissafta jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin al'adun sarakunan da aka yi jihadi a kansu, shi kuwa ya kan nuna wa jama'a waɗannan abubuwa suna nan da ransu a hannun jikokin masu jihadin. Su kuma mutanen Sardauna, wanda shi jinin Sarkin Musulmi Bello ne, suna kafa hujja da wajibcin biyayya ga shugabanni da tsoron fitina. Gado ɗaya a ke ja, kowa ya riƙe gefensa.

Ɗariƙa ba ta raba su bisa layi ɗaya ba. A lardin Sakkwato, inda fada ta ke Ƙadiriyya, 'yan kasuwar Gusau da Ƙauran Namoda masu bin Tijjaniyya sun sha matsi, har an rushe musu wuraren wazifa a 1949, da yawansu kuma suka sami mafaka a NEPU. A Kano kuwa Sarki Muhammadu Sanusi shi ne jagoran Tijjaniyya, shi ne kuma jigon NPC. Kabila ma haka. An sha cewa NEPU ta Haɓe ce, NPC ta Fulani, akwai kuwa ɗan abin kamawa a ciki, tun da yawancin gidajen sarauta na Fulani ne. Amma shugaban NEPU Bafillace ne, babban sakatarenta Abubakar Zukogi ɗan gidan sarautar Bida ne, makiyayi mai biyan jangali kuwa bai taɓa zama ɗan fada ba don yana jin Fillanci.

Samari sun fi dattawa yawa a cikinta, har ta kafa Rundunar Samarin Sawaba. Mata kuma, ko da ya ke ba su da ƙuri'a a Arewa a duk wancan zamani, NEPU ta nemi a ba su, NPC ta ƙi. Gambo Sawaba ta Zariya ta shugabanci matan jam'iyyar, an ɗaure ta sau da yawa, an yi mata duka, ba ta bari ba.

Abin mamaki, a hayin iyaka ma haka aka gani. A ƙasar Nijar, ƙarƙashin Faransa, jam'iyyar Djibo Bakary ita ma sunanta Sawaba, ƙarfinta kuma direbobi ne da masu sana'a da ƙananan 'yan kasuwa na garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta 1958 sarakuna suka juya mata baya, ta faɗi, a 1959 aka haramta ta.

Fasali na shida: manomi

Saura babbar tambaya. Manoman ƙauye su ne mafi yawan jama'a, su ne kuma suka fi kowa ɗaukar nauyin haraji da aikin tilas da saukar baƙin hakimi. Don me jam'iyyar talakawa ba ta sami mafi yawan talakawa ba?

Amsar ita ce gona ba ta ɗaukuwa. Manomi ba shi da inda za shi. Dagaci ne ya san iyakar gonarsa, shi ke faɗin nawa za a rubuta masa, shi ne shaida ran da rigimar gado ko ta aure ta kai gaban alƙali. A zaɓuɓɓukan farko kuwa a fili a ke nuna wanda a ke so, dagaci yana kallo. Ko da aka kawo ƙuri'ar asiri ko'ina a 1959, kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta, ƙauye ƙarami ne, an san wanda ya je lacca, an san wanda ya sauki baƙon NEPU. Lacca ba ta yiwuwa sai da takardar izni daga En'e, wanda ya yi ba izni, ko aka ce ya zagi Sarki, kotun alƙali za a kai shi, inda lauya ba ya shiga, daga nan sai gidan yari na En'e ɗin dai. A Kano har wata ƙungiya ta 'yan dūka ta fito a 1953 wadda a ke kira 'Yan Mahaukata, aikinta farautar 'yan Sawaba. Mai iyali da rumbu ɗaya ya kan auna wannan duka kafin ya ɗaga hannu.

Wanda ya san ƙasar Yauri zai gane wannan ba da dogon bayani ba. Ƙasa ce ta manoma da masunta, Gungawa a tsibiran Kwara suna noman albasa da gero, Kambari a Ngaski, Shangawa a Shanga, Dukawa a tudu, Sarkawa a kan ruwa, Hausawa a Yelwa da Bin Yauri suna riƙe da sarauta da kasuwa. Jirgin ƙasa bai ratsa ta ba, babu taron leburori da teloli irin na Gusau. Mai gona a tsibiri ya fi kowa ɗauruwa da wurinsa, abin da ya haɗa shi da gwamnati kuwa hakimi ne kaɗai. Lardin Sakkwato gidan Sardauna ne, NPC kuma ta riƙe kusan dukan kujerunsa har ƙarshen jamhuriya ta farko. Ba a ce kowane manomi don tsoro ya bi fartanya ba. Akwai wanda ya bi don girmama gidan Shehu, akwai wanda Sarkinsa mai adalci ne bai ga abin canzawa ba, akwai wanda ya ga rijiya da asibiti da hanya daga hannun mai mulki su ke fitowa.

Fasali na bakwai: nasara kaɗan, faɗuwa da yawa

A zaɓen tarayya na Disamba 1959 Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. Arewa tana da kujeru 174 cikin 312, NPC ta ci 134, NEPU ta ci 8, alhali ƙuri'un da aka jefa mata sun haura 500,000. Mutanenta a warwatse su ke, kaɗan a nan kaɗan a can, kujera kuwa ta wanda ya fi yawa ce a mazaɓa. Sa'an nan NCNC ta shiga gwamnati tare da NPC, sai ga Malam Aminu a Ikko yana mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, mabiyansa a gida suna shiga gidan yari. Wannan ya yi wa jam'iyyar rauni ƙwarai, a zaɓen majalisar Arewa na 1961 kujera ɗaya tak ta samu.

A 1963 gwamnatin Kaduna ta sa Sarki Sanusi ya yi murabus bayan binciken kuɗin En'e ta Kano, ya koma Azare. Masoyansa suka kafa jam'iyyar mutanen Kano, suka haɗa kai da NEPU, sai ga waɗansu da jiya su ke korar 'yan Sawaba yau suna zaune tare da su. Duk da haka a zaɓen 1964 Malam Aminu ya rasa kujerarsa. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya ji ƙansu, aka kuma rushe jam'iyyu duka.

Fasali na takwas: da aka kwance hannun En'e

Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a 1967, ya kira Malam Aminu ya zama kwamishinan tarayya na sadarwa, daga 1971 kuma na lafiya. A shekarun nan ne mutanen Yauri suka ga ruwan madatsar Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968, ya hau ya cinye tsibiran Gungawa da tsohon garin Busa, aka ta da mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. A shekarun nan dai wani canji ya auku wanda bai yi ƙarar ruwa ba, amma ya kai shi girma: aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna aka mai da su ga gwamnatin jiha, aka karɓe gidajen yari, aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, mata kuma suka sami ƙuri'a. Rabin abin da NEPU ta yi shekara goma sha biyar tana nema, soja suka zartar da shi da alƙalami.

Da aka buɗe siyasa a 1978 Malam Aminu ya kafa PRP, alamarta mabuɗi. A zaɓen 1979 aka ga abin da ba a taɓa gani ba: ƙauyukan Kano, waɗanda dā su ke bin fartanya, suka fito maza da mata suka ba shi fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un jihar. Alhaji Shehu Shagari na NPN, wanda ya ci shugabancin ƙasa, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu a Kano ba, har maganar ta kai Kotun Ƙoli. PRP ta ci gwamnan Kano, Abubakar Rimi, da na Kaduna, Balarabe Musa, dukansu biyu kuma suka soke haraji da jangali. Wannan ya nuna manomin da ya yi shiru a 1959 yana ji, dagaci ne ke tsaye a kansa.

Sai dai gaskiya ba ta cika ba in ba a faɗi sauran ba. A 1979 zama ɗan gida ya yi aiki ƙwarai. Kano ta bi ɗanta, jihar Sakkwato kuma, wadda Yauri ke cikinta kafin a yanke jihar Kebbi a 1991, ta bi nata ɗan, Shagari, GNPP ta Waziri Ibrahim ta zo ta biyu, PRP ba ta sami abin kirki ba. Cikin PRP kanta kuma tsohon rabon ya sake fitowa da sabuwar riga. Gwamnonin biyu da 'yan boko da malaman jami'a suka ware, aka kira su 'yan Santsi, tsofaffin 'yan NEPU kuwa, teloli da 'yan kasuwa da malaman zaure waɗanda suka sha ɗauri tare da shi, mafi yawansu suka tsaya da Malam, aka kira su 'yan Taɓo. A Yuni 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Wannan rabuwa ta ɓata wa Malam Aminu rai a ƙarshen kwanakinsa.

Fasali na tara: rasuwarsa

Allah ya karɓi ransa ran 17 ga Afrilu 1983, cikin shekara ta 1403 daga Hijira, yana da shekara 62, ana shirin zaɓen da zai sake tsayawa. Jama'ar da ta taru wajen jana'izarsa ta cika titunan Kano, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda a ke kira gidan Mambayya, yau kuma yana hannun Jami'ar Bayero ana nazarin mulkin jama'a a cikinsa. Ya riƙe muƙamin kwamishina shekaru, bai bar dukiyar da za a yi rigima a kanta ba. Ya bar littattafai, cikinsu akwai Motsi Ya Fi Zama da tarihin amininsa Malam Sa'adu Zungur, wanda ya riga shi rasuwa tun 1958. An sa sunansa a filin jirgin sama na Kano da babban asibitin koyarwa na birnin.

Mutanen tauraro da mutanen fartanya galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu sun yi auratayya, da yawa ba su san wace alama kakansu ya jefa wa ƙuri'a ba. Abin da ya rage ga malami da ɗan kasuwa shi ne, in an ga jama'a sun rabu biyu wajen zaɓe, kafin a ce waɗannan jahilai ne ko waɗancan marasa kunya ne, a fara duba a hannun wa gonar kowa da rumfarsa da shari'arsa su ke. Allah ya ji ƙan Malam Aminu da Sardauna da dukan waɗanda suka bi su, ya gafarta musu kurakuransu, ya ba ƙasa shugabanni masu adalci da talakawa masu faɗin gaskiya. Amin. Tamat.